Matatar gwangwani ta isa tankin murjani?

Malam, ka ce tankinka na kiwon murjani (halittun teku masu kama da dutse) da kifi lita 200 ne, kana tambaya ko matatar gwangwani (na'urar tace ruwa mai siffar gwangwani da ake ajiyewa a wajen tanki) kaɗai ta wadatar. Ba za ta isa ba. Datti take tarawa a soso, ka yi sakaci da wanki, nitret (sinadarin da ruɓewar datti ke haifarwa) ya hau, gansakuka ta lulluɓe murjanin.

Babban aikin tace ruwan na duwatsun teku masu ramuka ne. Bakteriyar cikinsu ce ke mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, nitret wanda bai kai ta illa ba. Ba su mako 4 zuwa 6 kafin ka zuba kifi. Ƙara da sikima, mai fitar da ƙazanta ta kumfa. Za ka ga kofinta ya tara ruwa mai duhu da wari. Ruwan famfo kuwa, kul! Tataccen ruwan RO, wato wanda na'urar reverse osmosis ta cire wa sinadarai, ake haɗa gishirin tankin da shi.