Fatawa: Hukuncin Narka Ƙarfe da Baƙin Mai a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaci ne, ina zaune a gidan mahaifinmu a Kurna. Tun ina yaro nake son aikin hannu. Na kalli yadda ake yi a YouTube, na haɗa murhun narka ƙarfe da tsohuwar tukunyar gas, na shafe cikinta da yumɓu, ina hura shi da baƙin man da nake karɓowa a wurin makanikai. Asabar da Lahadi nake kunnawa a tsakar gida, in narka goran-ruwa da tagulla, in zuba ludayi da hannun ƙofa, wani lokaci har ɗan doki na ado. Sha'awa ce kawai, amma an fara cewa in yi tukwane na sayarwa. Wani abokina ya ce baƙin mai najasa ne, kuma aikin ɓarnar dukiya ne da lokaci. Maƙwabciyarmu kuma, wata dattijuwa mai ciwon asma, ta taɓa aiko jikarta cewa hayaƙi yana ɓata musu shanya, daga nan ba ta sake magana ba. Mene ne hukuncin wannan aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, hukuncin tambayarka ya rataya ne a kan maganar da ka ajiye a ƙarshe, wato ta dattijuwar nan. Amma bari mu sallami abokinka tukuna, don tasa ta fi sauƙi.

Narka ƙarfe da zuba shi halal ne, babu saɓani. Allah ya ambace shi cikin ni'imomin da ya yi wa Annabawa. A Suratu Saba'i ya ce ya tausasa wa Annabi Dawuda baƙin ƙarfe, ya gudanar wa Annabi Sulaimanu marmaron narkakkiyar tagulla, ana yi masa manyan akusa da tukwane kafaffu. A Suratul Kahfi, Zulƙarnaini ya ce a kawo masa guntayen ƙarfe, ya ce a hura, sa'annan ya zuba narkakkiyar tagulla a kai. Har dattin da yake tasowa a saman ƙarfe in ya narke, wanda kake kwashewa da cokali ka zubar, Alƙur'ani ya buga misalin ƙarya da shi a aya ta 17 ta Suratur Ra'adi. Cikin sahabbai Khabbabu ɗan Aratti maƙeri ne. Mu kuma Kanawa ba baƙin wannan aiki ba ne: ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma har gobe akwai maƙeran baƙi da maƙeran fari a birni.

Kasancewarsa sha'awa bai rage masa komai ba. Abin da yake halal ga mai neman abinci halal ne ga mai neman nishaɗi, matuƙar bai cinye kuɗin cefane ba, bai kuma ci lokacin salla ba. Na san wanda ƙarfensa ya kusa narkewa ba ya son tashi ko liman ya tayar da iƙama, don haka kada ka kunna wuta dab da Azahar ko La'asar, balle ranar Juma'a. Saurayin da ya koyi zubi a ranar hutunsa ya fi wanda ya ƙarar da ita a majalisa ana cin naman mutane.

Baƙin mai kuwa ba najasa ba ne. Asalinsa man fetur ne da aka haƙo daga ƙasa, abin da ya baƙanta shi kuma ƙonewa ce da gogayyar ƙarafan inji. Ba kowane datti ne najasa ba. Idan ya taɓa rigarka ka yi salla da ita, sallarka ta inganta, sai dai ka canza don girmama masallaci da shimfiɗunsa. Ko da ma a ce najasa ta faɗa cikinsa, malamanmu na Malikiyya sun halatta kunna fitila da man da najasa ta shiga, in ba a cikin masallaci ba ne, kamar yadda ya zo a Risala. Inda za ka kula shi ne alwala: idan man ko giris ya yi kauri a hannu ko a gefen farce har yana hana ruwa taɓa fata, wajibi ne ka cire shi da sabulu kafin ka fara. Baƙin da ya rage bayan wanki, wanda ba shi da jiki, ba ya hana komai.

To, hayaƙi. Irin wannan murhu mai ne yake ɗigowa ta fayif, injin busa iska yana tarwatsa shi ya zama feshi, ya kama da wuta. In cikin murhun ya yi zafi sosai, iska kuma ta wadata, hayaƙin yana raguwa ƙwarai. In murhun yana da sanyi a farkon kunnawa, ko mai ya fi iska yawa, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, shi ne wanda ya sauka a kan shanyar maƙwabciyarka. Amma ko ka ƙware har ido ya daina ganin hayaƙi, magana ba ta ƙare ba. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa irin su tutiya da dalma, wuta kuma ba ta cinye ƙarfe, ko dai ya bi iska ko ya zauna a toka. Tagullar da kake narkawa ma sai ta haura digiri 900 a ma'aunin Selshiyos, tutiyar da ke cikinta kuwa tana tafasa a digiri 907, ta tashi farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki. Duk wannan a tsakar gida, a unguwar da katanga ɗaya ce tsakaninka da ɗakin kwanan wani.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce: "La darara wa la dirar," babu cuta babu cutarwa. Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, kuma a kansa malaman mazhaba suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Shehu Khalil a Mukhtasar ya faɗa ƙarara cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema. Ibnu Asim a Tuhfa ya ce wanda ya ƙirƙiro abin da cutarsa ga maƙwabci tabbatacciya ce ana hana shi, ya ba da misali da gidan gashin burodi. Ka lura, hayaƙin itace da kirare suke magana a kai. Ina ga baƙin mai? Abin da suka yi rangwame a kansa shi ne hayaƙin da zaman gida ba ya yiwuwa sai da shi, kamar na girki, don kowa yana yi kowa yana haƙuri. Sun kuma bambanta tsakanin wanda ya riga mutane zama a wuri da sana'arsa da wanda ya tarar da su ya ƙirƙiro. Kai ka tarar da ita, kuma ba da wannan murhu kake ci da iyali ba, balle a ce a auna lalurarka da tata.

Wani zai kawo hadisin Abu Saifin, maƙerin Madina wanda matarsa ta shayar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah. Anas ya ce sun je gidan sun tarar yana zuga, gida ya cika da hayaƙi, Annabi kuma bai hana shi sana'arsa ba. Haka ne, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Amma ya nuna halaccin ƙira ne, bai nuna halaccin cutar da wanda ya yi kuka ba. A cikinsa ma Anas ya yi sauri ya riga Annabi isa, ya ce wa Abu Saifin ya dakata, ya kuwa dakata. Annabin nan dai shi ne ya kwatanta mugun abokin zama da mai zuga, ya ce ko ya ƙona maka tufafi ko ka shaƙi wari daga gare shi, wato shari'a ta san abin nan cuta ne ga na kusa.

Kada shirun dattijuwar ya ruɗe ka. Ka san halin iyayenmu mata: ta aiko sau ɗaya, ta ga ɗan maƙwabcinta ne wanda wataƙila ta goya, kunya ba za ta bar ta ta sake aikowa ba, sai ta rufe taga ta yi tarinta. Malamai sun ce abin da aka karɓa da takobin kunya ba halal ba ne. Hadisi kuma ya tabbata a Muslim cewa ba zai shiga Aljanna ba wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba.

Saboda haka, kunna wannan murhu da baƙin mai a tsakar gidanku, a halin da ka siffanta, bai halatta ba. Ka dakatar daga wannan makon. Ka je da ƙafarka ka gaishe ta, ka nemi afuwa, in an ɓata mata tufafi ka biya ko ta yafe. Ko ta ce maka ba komai, kada ka mayar da wannan izini, don akwai jikokinta, akwai yaran gidanku, kuma mai asma ba ta da ikon yafe numfashinta. Ka nemi fili a bayan gari, ko ka roƙi gurbi a wurin masu zubi da makanikai a inda aka saba da irin wannan aiki, nesa da ɗakunan kwana. A can halal ne, har ma zan ce ƙona man da kyakkyawar wuta ya fi tuttular da shi a kwata, ya bi ruwa ya gangara Jakara inda ake ban-ruwan kayan miya.

A can ɗin ma ranka amana ne, Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka. Babban makashin mai zubi ruwa ne. Ɗigo kaɗan in ya shige ƙarƙashin narkakken ƙarfe yana zama tururi, ya kumbura fiye da ninki 1,500 nan take, ya watsa ƙarfen a fuska. Don haka ka gasa duk abin da za ka jefa a tukunya da duk mazubin da za ka zuba narkakken ƙarfen a cikinsa, kada ka yi zubi a kan jiƙaƙƙen siminti. Ka bar man ya kwanta ruwansa ya sauka ƙasa, ka tace, ka guji wanda aka gauraya da fetur, ka nisanci man taransifoma gaba ɗaya, don tsofaffinsa na iya ɗauke da guba mai tsanani. Goran-ruwa yana narkewa a digiri 660 alhali bai yi ja yadda ido zai tsorata ba, to mai silifas da rigar roba kada ya matso. Wanda ya san duk wannan ya yi sakaci yana da zunubi. In kuma wutarsa ta tsallaka ta ci dukiyar wani, zai biya. Khalil ya ambaci lamunin wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi, mu kuwa mun san iskar hunturu da yadda gobara take yi a Kano a lokacin hunturun.

Maganar tukwanen sayarwa ta fi ba ni tsoro a kan hayaƙin. Tarkacen da ake saye a wurin 'yan gwangwan gauraye yake: fistin, kan inji, lagireto mai likin dalma, kan famfo na tagulla wanda shi ma akan sa masa dalma. In wannan ya shiga tukunya, miya mai tsami irin ta tumatir ko yakuwa tana jan dalmar zuwa abinci a hankali, ba ɗanɗano ba wari. Ta fi illa ga ƙananan yara, tana daƙushe ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Iyayensu ba mugunta suka yi niyya ba, aikin waje suka shigar tsakar gida. Don haka bai halatta ka zuba abin ci ko sha da ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, ko don kanka ko don sayarwa, har ludayin da ka riga ka yi ka cire shi daga kicin. Sayar da shi ba tare da bayani ba algus ne, Annabi kuma ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In kana son yin tukwane, ka ware tsofaffin tukwanen kamfani da goran-ruwan da ka tabbatar da tsabtarsa, ka ware musu tukunyar narkinsu dabam wadda ba ta taɓa ganin dalma ko tagulla ba. Batirin mota kuwa kada ya kusanci murhunka ko kaɗan.

Ka kuma duba hannun da kake saye daga gare shi. Wayar wutar lantarki da aka yanko, marfin kwalbati, ƙarfen layin dogo, kayan fitilun titi, duk wanda ya gan su a buhu da arha ya san daga inda suka fito. Sayen abin da ka san sata ne, ko zatonka ya rinjaya a kan haka, haramun ne, narka shi kuma ba ya wanke shi.

Saura ɗan doki. A wurin malamanmu, mutum-mutumin abu mai rai wanda yake da inuwa, gaɓoɓinsa kuma sun cika, haramun ne yin sa, ba a keɓe ba sai 'yar tsanar da yara mata suke wasa da ita. Mutum-mutumin da aka ambata ana yi wa Annabi Sulaimanu shari'arsa ce, tamu ta hana. Wanda ka riga ka zuba, ka mayar da shi tukunya ya zama wani abu. Fanni a buɗe yake: dagi, fure, kwalliyar sirdi da linzami, likkafa, kuge, turmin ado, allunan lambar gida. Zobe na maza kuwa, na baƙin ƙarfe ko tagulla makaruhi ne a mazhaba, na azurfa shi ne sunna.

Tokar murhun da dattin da kake kwashewa ka tara su a gwangwani mai murfi, kada a zuba a bolar da yara suke tona, kada kuma a kai gona da sunan taki.

Allah ne Mafi sani.