Filin Tambaya da Amsa: Ina biyun nan ta shige?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga unguwar Bagalam a nan Maraɗi, bana zan zauna jarrabawar BEPC. An ba mu wannan lissafi: mota ta tashi daga Maraɗi zuwa Tasawa, aka ƙaddara nisan kilomita 120 ne. A zuwa tana gudun kilomita 60 a awa, a dawowa 40. Nawa ne matsakaicin gudunta? Na haɗa 60 da 40 na raba biyu, na samu 50. Malaminmu ya soke da jan biro, ya rubuta 48. Kunya ta hana ni tambayarsa a gaban 'yan aji. Don Allah ina biyun nan ta shige?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki sa'a. Malaminku ya yi daidai, ke kuma ba rashin kai ne ya kai ki ga 50 ba. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma duk shekara sai wannan ramin ya kama mini yara, har da masu ƙoƙarin cikinsu.

Ajiye biro tukuna, mu shiga motar. Kilomita 120 a gudun 60, awa 2 ke nan kin isa Tasawa. A dawowa direba ya sassauta ƙafa zuwa 40, sai kilomita 120 ɗin nan ta ci awa 3. Jimillar hanya 240, jimillar lokaci awa 5. Raba 240 gida 5, ga 48 ta fito.

Kin ga inda biyun ta shige? Motar ta fi daɗewa tana tafiyar hawainiya. Awa 3 ta yi a kan 40, awa 2 kacal a kan 60, to dole awo ya rinjaya wajen 40. Da kika haɗa kika raba biyu, kin yi musu rabon daidai, alhali ba su ci lokaci ɗaya ba.

Idan yaro ya ƙi yarda a aji, ga abin da nakan ce masa. A ce ka je Tasawa a mota da gudun 60, amma ka dawo a amalanken shanu mai cin kilomita 4 a awa. Dawowar kaɗai awa 30 ce. Hanyarka ta haɗa-ka-raba za ta ce gudunka 32 ne. Wa zai yarda da wannan, mutum ya kwana ya wuni a bayan shanu? Gaskiyar ita ce 240 a raba da awa 32, wato 7,5. A nan ne nakan ga idon yaro ya buɗe, ya ɗauki abin goge rubutu da kansa.

Saboda haka abin da littafinku ke kira vitesse moyenne, wato matsakaicin gudu, hanyarsa ɗaya ce: duka nisan da aka ci, a raba shi da duka lokacin da aka ɓata. Haɗawa a raba biyu tana yin daidai ne idan lokutan sun zo ɗaya, misali awa guda a kan 60, awa guda a kan 40. Nan kam 50 ce, ba gardama.

Abu biyu kuma nake so ki kiyaye, don sun fi cinye maki. Idan tambaya ta ce an tsaya awa guda a Gazawa don salla da cin abinci, kuma ana son matsakaicin gudun tafiyar gaba ɗaya, awar nan tana cikin lissafi: 240 a raba da 6, ya zama 40. Sai mintoci. Awa ɗaya da minti 30 ba 1,30 ba ce, 1,5 ce, domin awa minti 60 gare ta, ba 100 ba. Raina na ɓaci ƙwarai in ga takardar da aka yi komai daidai, wannan kaɗai ya kayar da ita.

Maganar kunya kuwa, ki daure ki riƙa ɗaga hannu, ko ki tari malamin bayan an tashi. Na tabbata akwai na kusa da ke da suka rubuta 50 suka yi shiru.

Ga na gwaji kafin ki kwanta: ɗan kabu-kabu ya yi kilomita 12 da gudun 30, ya dawo ta hanyar da gudun 20. Fara da neman mintocin zuwa da na dawowa. In kin samu 25, sake shiga motar Tasawa.