Amsa ga 'yata da aure ya kai Ibadan

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce gidan da kuka kama haya a Mokola ɗaki shida ne, uku na Yarabawa, ɗaya na wata Inyamura mai sayar da atamfa, kuma kina tambaya: tunda mu Gobirawa ne, Yarabawa abokan wasanmu ne, ko ki soma tsokanar matar mai gidan don ku saba?

Kada ki soma da nan. Wasan gaskiya ne, kamar na Fulani da Barebari ko na Katsinawa da Nufawa, kuma a Nijar an riƙe shi da daraja har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma wasa na wanda ya san da shi ne. Bayarben da iyayensa suka yi kasuwanci a Sakkwato ko Gusau, da ya ji ke Bagobira ce shi zai fara kiranki baiwarsa. Wadda aka haifa a Ibadan, ba ta taɓa haye Jebba ba, in kika ce mata haka zagi ta ji. Ki bari su fara. Ko sun fara, ba a sa iyaye, addini ko rashin haihuwa a ciki, ba a kuma yinsa ranar da ake da bashi tsakani.

Abin da ke buɗe ƙofa a ƙasar Yarabawa gaisuwa ce. Ki koyi kaɗan da harshensu: "e kaaro" da safe, "e kaasan" da rana, "e ku ise" ga mai aiki. Wannan "e" ɗin na girmamawa ne, kamar yadda muke ce wa babba "ku", kada ki yar da shi. Ƙarami ke fara gaida babba, ko da tazarar shekara biyu ce. Matansu durƙusawa suke yi. In kin rusuna kamar yadda kike wa surukarki ya wadatar. Kada ki kira matar da ta girme ki da sunanta, ki nemi sunan ɗanta ki ce Mama wane. Kada ki miƙa ko ki karɓa da hagu. Kuskuren da 'yan matanmu suka fi yi shi ne kunya: a sunkuyar da kai a wuce shiru. A gida tarbiyya ce, a can girman kai ake ɗaukarta. Haka kuma ɗaga muryarsu ba faɗa ba ne, yawanci hira ce.

Sai kwano. Ranar Juma'a ki yi masa ko dambu, ki aika kowane ɗaki, ba na Musulmi kaɗai ba, domin tsallake ƙofa ɗaya ya fi rashin aikawa muni. In an kawo miki amala da miyar lalo, ki karɓa da hannu biyu, ki wanke kwanon, ki mayar da shi da ɗan abu ciki, ko ƙuli-ƙuli ne ko dabino. Washegari ki sake godiya. Su suna lura da godiyar jiya ƙwarai. Da Babbar Sallah, wadda suke kira Ileya, ki ware wa Inyamurar tsoka mai kyau, ba ƙashi da kitse ba. Maganar yanka kuwa, ki faɗe ta tun da wuri, cikin fara'a, kafin Kirsimeti ta zo. Kiristocin can sun saba da Musulmi, gida ɗaya ake samun addini biyu, kuma da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu kaza don maƙwabta. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a karɓa a zuba a bola, yaro ya gani.

Goro ma yana da ƙa'ida wajen Inyamurai. Nasu na al'ada hannun-ruwa ne mai ɓari uku ko huɗu, ba namu mai ɓari biyu ba. In an kawo shi a faranti, kada ki kai hannu. Babban namiji ne ke addu'a ya fasa, sannan a zagaya da shi.

Zumunta a ƙafa take, don haka sha'ani kada ya wuce ki. Sunan jariri rana ta takwas Yarabawa ke cewa, da sassafe ake yi. In an fitar da anko kuma kuɗin ya fi ƙarfinki, ki sayi ɗankwalin kawai, ba wanda zai ga laifinki. Wanda ake gani shi ne rashin zuwa. Rasuwar tsoho biki ce a wurinsu, da kiɗa da abinci, kada ki nuna mamaki a fuska. Inyamurai kan kai gawa ƙauye bayan makonni, ana haɗa gudummawa. Ki ba da naki a ambulan da sunan mijinki. Adashi kuma ki dakata sai kin shekara, kin san mai cika alkawari.

Da damina ana fitowar dodanni, akwai Oloolu wanda al'adarsu ta hana mace ta gani. Ba sai kin yarda da shi ba. Ki tambayi Mama, matar mai gidan, ranar fitowarsa da hanyar da zai bi, ki zauna gida.

Hausawa na zaune a unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916, goro na hawa arewa, shanu na gangarawa kudu, amma rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 daga cacar bakin mutum biyu ya tashi, har aka rasa rayuka da shaguna. Saboda haka in rigima ta taso kan layin famfo, kuɗin wuta ko faɗan yara, kada kalmar "ku Yarabawa" ta fita bakinki. Ki kai wa Mama ita kaɗai, da yamma. In ta gagara, mijinki ya sami mai gidan. Ki kuma gaya masa ya riƙa zuwa taron unguwa, ya biya kuɗin masu gadi da na shara a kan kari, ya karɓi rasit. Ki gaishe shi, ki gaida Mama.