Da wane hurumi Turai ke cin tarar kamfanonin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan jin cewa Tarayyar Turai ta ci tarar Google, ko ta hana wasu kamfanonin Amurka haɗewa. Da wane hurumi take yin haka alhali kamfanonin ba nata ba ne, kuma me ya sa hukuncinta ke saɓa wa na Amurka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hurumin yana bin kasuwa ne. Duk kamfanin da ke sayar da hajarsa a ƙasashen Tarayyar, dokarta ta gasa ta hau kansa ko a ina hedikwatarsa take, kuma Hukumar Tarayyar na da ikon cin tararsa har kashi 10 cikin 100 na cinikin da ya yi a duniya baki ɗaya cikin shekara. A 2001 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta amince General Electric ya sayi Honeywell, Hukumar Turai ta ce ba ta yarda ba, cinikin kuwa ya rushe duk da cewa kamfanonin biyu na Amurka ne.

Game da saɓanin hukunci, sassan biyu sun yi ittifaƙi a kan cewa haɗa baki don tsawwala farashi laifi ne, har ma a Amurka, wadda ta kafa dokar Sherman mai hana irin wannan haɗa baki da babakere tun 1890, akan ɗaure shugabannin kamfanoni a kansa. Inda suka raba hanya shi ne batun babakere. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 kotunan Amurka suka fi mai da hankali ga tambayar ko mai saye ya cutu ta hanyar tsadar kaya ko lalacewar inganci. Turai kuwa tana ɗora wa kamfanin da ya mamaye kasuwa nauyi na musamman na kada ya toshe wa abokan gogayyarsa hanya. A kan haka ne a 2017 ta ci tarar Google yuro biliyan 2.42, saboda idan mutum ya nemi kaya a shafin binciken, sai dandalin kwatanta farashi na Google ya bayyana a sama, na sauran kamfanoni a tura su can shafukan baya inda kusan ba mai leƙawa.

A ganina ma'aunin Turai ya fi dacewa da kasuwar intanet, domin abin da ake bayarwa kyauta ba a iya auna cutarwarsa da farashi, kuma ƙaramin kamfanin da aka danne tun yana rarrafe ba ya dawowa bayan shari'a ta ɗauki shekaru bakwai, kamar yadda shari'ar Google ɗin ta ɗauka kafin kotun ƙoli ta Tarayyar ta tabbatar da tarar a 2024. A shekarar ce kuma wata kotun tarayya a Washington ta yanke cewa Google ya riƙe babakeren bincike a intanet ta haramtacciyar hanya, musamman ta biyan Apple maƙudan kuɗi don shafin binciken Google ya zama na farko a wayoyin iPhone.