Ku Tambaya Mu Amsa: Wasan Kwaikwayo a Kan 'Yan Mata da Jikinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar kwana ta 'yan mata. Wasu ɗalibaina suna shan "sha-ka-fashe" don su yi ƙiba, wasu kuma sun ƙaurace wa abinci don su rame. Ina so mu shirya wasan kwaikwayo a kai. Ta ina zan fara?
Wata malama daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. Shawararmu ita ce ki guji wasan wa'azi, inda yarinya za ta sha magani ta mutu kowa ya yi kuka a watse. Ki bi tsarin da masanin wasan kwaikwayo Augusto Boal ɗan ƙasar Birazil ya fito da shi a shekarun 1970, irin wanda masu wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka daɗe suna amfani da shi.

Da farko kowace ɗaliba ta rubuta maganar da aka taɓa yaɓa mata a kan jikinta, ba tare da suna ba. Za ki ga "sandar rake", "buhun masara", "wa zai aure ki a haka". Da waɗannan za ku gina wasan minti 10 zuwa 15, 'yan wasa biyar ko shida, ya ƙare matsalar ba ta warware ba. Sai a sake shi daga farko, duk wadda ta ga inda za a gyara ta ce "Tsaya!", ta hau dandamali ta karɓi matsayin yarinyar da ake tsokana a wasan ko na ƙawarta. Masu kallo kada su wuce aji ɗaya ko biyu, domin a babban taro kunya takan hana magana.

Inda ake yawan kuskure shi ne rabon matsayi. Kada a ba mai jiki matsayin wadda ake tsokana saboda ƙiba. Sunan zai bi ta har ɗakin kwana. Kada wata ta rage cin abinci don ta dace da wasa. Kada a faɗi sunan ƙwaya, ko kilo, ko a nuna yadda ake janyo amai, don mai fama da cutar ƙin abinci za ta iya ɗaukar dabara daga nan.

Ke kuma ki san gaskiyar lamarin kafin ranar. Sha-ka-fashe galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da sukari, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina kwatsam, hakan na da haɗari, likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Mai ƙin abinci kuwa, ki lura da jiri, yawan jin sanyi, zubewar gashi da ɗaukewar al'ada. Wannan cuta ce, tana kisa, faɗa da duka ba sa maganinta.

Saboda haka a ranar wasan a samu ma'aikaciyar jinya a wurin, a kuma sanar da ɗalibai ɗakin da za su same ta a keɓe. Wadda ta zo, a kira iyayenta cikin sirri a kai ta asibiti.