Zanen unguwar da birni ke cinyewa da fentin akirilik

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gezawa. Kano ta fara iso mu, gonaki sun koma fuloti, ana rushe gidajen ƙasa ana ɗora bulo. Ina so in zana unguwarmu kafin ta ɓace. Na samu fentin akirilik, amma kafin in gama haɗa launi ya bushe, kuma katangar ƙasa sai ta fito mini kamar kwali. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bushewar nan halin fentin ce, hannunka ba shi da laifi. Akirilik garin launi ne da aka dama da ruwa da wata irin roba. Da ruwan ya tashi sai robar ta kama, in kuwa ta kama ruwa ba ya ƙara narkar da ita. Shafi marar kauri kan bushe cikin minti 10 zuwa 20, da hunturu kuwa ko hakan ba ya kaiwa. Saboda haka ka nemi faranti mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗora takardar da masu gasa kek ke amfani da ita, a kanta za ka matsa fentin. Ka ajiye kwalbar feshi irin ta masu aski kusa da kai, don ka riƙa fesa wa fentin ruwa kada ya bushe. Burushi kuma kada ya kwana da fenti, in ya kwana sai dai ka sayi wani.

Maganar katanga ita ce mai wuya. Tana fito maka kamar kwali ne domin launi ɗaya kake ba ta, alhali katangar ƙasa ba ta da launi ɗaya. Je ka tsaya gaban wata da hantsi. Inda aka yi yaɓe da makuba ya fi duhu, ƙarƙashin indararo akwai layin da ruwan damina ya zaizaye, gindinta ya yi fari-fari inda awaki ke goga jiki, wani wurin ma tubalin ya leƙo. Ka fara shafe allon duka da ruwa-ruwan jar ƙasa, ya bushe, sannan ka riƙa ɗora rawaya-rawaya da ruwan toka sama-sama, na ƙasa yana leƙowa. A nan saurin bushewar ya zama riba, domin a wuni ɗaya sai ka yi shafi biyar. Inuwar zanko ko ta bakin zaure kada ka yi ta da baƙi, haɗa shuɗi da jar ƙasa. Ka kuma sani akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, don haka ka haɗa shi da ɗan haske fiye da yadda kake so. Ni nakan tankaɗe rairayi in zuba kaɗan a fentin don katangar ta yi kaushi, amma kaɗan ɗin, in ya yi yawa zubewa yake.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Yawancin matasan da ke kawo mini irin wannan aiki sukan share falwaya da rufin kwano da tankin ruwa, su bar rumbu da kuka kawai. Wannan ƙauyen kalanda ne, ba naku ba. Zana wurin da bulo ya haɗu da jar ƙasa a katanga ɗaya, da shagon cajin waya da aka fasa a jikin zaure, da dutsen fuloti a tsakiyar karan dawa. Ka zaɓi kusurwa ɗaya, ka koma ka sake zana ta bayan kowace kaka, ka rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayan allon.

Kafin ka zauna ƙofar gidan mutane da allo, ka gaida mai unguwa da masu gidan, ka faɗa musu abin da kake yi. In ka gama, ka bar zanen ya yi kamar mako biyu, sannan ka shafa masa banish, wato shafin ƙarshe mai kare zane, don ƙura na son manne wa akirilik.