Tambayi Lokotoro: Allurar Barci da Tiyon Numfashi

*Lokotoro, ketamin da etomidat, wanne ya fi in za a sa wa mai ciwo mai tsanani tiyo a maƙogwaro? Ɗalibin jinya, Ali Ɗan Sofo.*

Ƙanena, duka biyun alluran barci ne, kuma sun fi propofol, wata allurar barcin, riƙe tansiyo. Etomidat yana danne sinadarin kortizol, wanda ke taimaka wa jiki jure wahalar ciwo, na ɗan lokaci, ketamin kuma yakan ƙara yawu, wani ya farka da mafarkai masu ban tsoro. A 2009 an wallafa gwajin da aka yi musu a Faransa kan majinyata 655, ba a ga bambancin a zo a gani ba. Mu nan ketamin ya fi samuwa. Ka koyi rage awo ga wanda jininsa ya faɗi.

*Majinyaci yana jin zafi lokacin da ake sa tiyon? Hajiya, Tibiri.*

A'a, Hajiya. Cikin minti guda barci ya ɗauke shi.

*Mahaifinmu ya suma, muka ɗura masa rubutu da madara, washegari muka kai shi asibiti. Aka yi masa allura, aka sa tiyo, bayan kwana biyu ya rasu. Dangi na cewa allurar ce ta kashe shi. Malam, Madarumfa.*

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri. Malam, wannan magana ta daɗe tana damuna, don saboda ita iyalai ke hana mu sa tiyo har lokaci ya ƙure. Galibi wanda muke sa wa tiyo ya riga ya kasa numfashi yadda ya kamata da kansa. Allurar tana kwantar da shi ne, sai a ƙara wata allura ta saki tsokoki, a samu hanya. Gaskiya ne tansiyo na iya faɗuwa a lokacin, shi ya sa muke ajiye ruwa da magani a kusa. Amma ciwon da ya kawo shi ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba.

Ɗurar nan fa? Haba jama'a! Wanda ya suma ba ya haɗiya. Abin da kuka zuba huhu yake gangarawa, ya zama ciwon huhu. Na gaji da zuƙo madara daga ƙirjin mutane. Ba zarginku nake ba, Malam, ƙauna ce ta sa. Amma ku tofa masa addu'a, bakinsa ku bar shi. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a jira safiya, kada a jira babban wa ya dawo daga kasuwa. A kawo shi asibiti.